Abincin Gida a Baƙuwar Ƙasa

Duk yaron da ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san awara. Kullum da safe 'yan mata na soya ta a bakin kasuwa da ƙofar makaranta, a barbaɗa mata yaji, a ci da zafinta. Amma ba kowane yaro ne ya san asalinta ba. Awara daga ƙasar Sin ta fito, can gabas mai nisa. Sinawa sun fi shekara 1,000 suna yin ta, suna kiranta dofu. Waken suya kansa, wanda ake yin awara da shi, a ƙasarsu aka fara noma shi. Abinci ma matafiyi ne, yakan bi mutane duk inda suka nufa.

Sinawa mutane ne masu yawan gaske. A ƙidayar da suka yi a shekarar 2020 an same su sun haura miliyan 1,400. Da yawa daga cikinsu sun bar gida, sun bazu cikin duniya neman abin zaman gari. Tun cikin shekarun 1960 waɗansu attajirai daga Hon Kon suka zo Nijeriya ta Arewa, suka kafa masaƙu da masana'antu a Kaduna da Kano. A shekarar 1971 Nijeriya da ƙasar Sin suka ƙulla zumunci na gwamnati da gwamnati. Daga baya 'yan kasuwa da masu gina hanyoyi suka biyo baya, waɗansu har da iyalinsu. To, mutumin da ya yi nisa da gida haka, me zai ci? Ƙaƙa uwargida za ta dafa wa 'ya'yanta irin abincin da uwarta ta dafa mata?

Kowace Ƙasa da Cimarta

Da fari ya kamata a san cewa Sinawa ba abinci iri ɗaya suke ci ba. Ƙasarsu ta yi Nijeriya goma wajen faɗi. Kamar yadda Bakatsine ke cin tuwon dawa, Bayarabe ya ci amala, haka kowane yanki na ƙasar Sin yake da nasa. Dalili kuwa shi ne, mutum yakan ci abin da gonarsa ta ba shi.

A arewacin ƙasar akwai sanyi ƙwarai, ruwan sama kuma kaɗan ne. Saboda haka alkama suke nomawa, da masara, da wani irin gero mai ƙananan ƙwayoyi. Da alkamar suke yin taliya, da wani farin burodi da ake turarawa, mai kama da alkubus. Geron kuwa sukan dama shi kamar kunu. A shekarar 2005 masana suka ba da labarin wata taliyar gero da aka tono cikin kwano a arewa maso yammacin ƙasar, suka ce ta kai shekara 4,000 a binne.

A kudu kuwa, daga kogin Yanzi zuwa bakin teku, ruwa ya wadata, ga zafi. Nan ne gidan shinkafa. Mutanen lardin Gwandon, inda birnin Gwanju yake, wanda fataken Kano ke zuwa sarin kaya, ba su son yaji da yawa. Sukan turara kifi ɗanye shar, da citta da lawashin albasa kaɗai, don ɗanɗanon kifin ya fito. Suna kuma son romon da ya daɗe bisa wuta.

Mutanen lardin Sicuwan kuwa, a kudu maso yamma, su ne sarakunan yaji. Ba su jin sun ci abinci sai gumi ya keto musu. Ban da barkono, suna da wani ɗan itace mai sa harshe ya yi zir-zir kamar ya mutu. Itacen dangin fasaƙwari ne, wanda matan Hausa ke sawa cikin yajin jego. Abin mamaki, barkono baƙo ne gare su. Daga nahiyar Amurka ya fito, bai isa ƙasar Sin ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16.

Can arewa maso yamma akwai Musulmi masu yawa, da masallatai tsofaffi. Yawancin Sinawa na cin naman alade, amma su waɗannan ba su kusantarsa. Naman tumaki da na shanu suke ci, sai an yanka. Suna yin tsire kamar na mahautan Hausa. Birnin Lanju ya yi suna wajen taliyar da ake ja da hannu, a zuba ta cikin romon naman sa.

Saboda haka in Basine ya ce yana marmarin abincin gida, nufinsa abincin lardinsu, har ma na ɗakin uwarsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Dabara ta Farko: Guzuri

Uwargidan da za ta bi mijinta zuwa baƙuwar ƙasa ba ta iya ɗaukar gona ta tafi da ita. Sai ta zaɓi abin da ba shi da nauyi, ba ya lalacewa, kaɗan kuma ya ishi tukunya. Watau kayan ƙamshi da kayan ɗanɗano.

Babba cikinsu shi ne wani baƙin ruwa mai gishiri da ake yi da waken suya. Akan dafa waken, a haɗa da alkama, a bar shi ya yi furfura, sa'an nan a zuba cikin ruwan gishiri a manyan randuna, ya yi watanni yana nuna. In an tace, sai a sami ruwa mai ƙamshi wanda cokali ɗaya ke gyara miya. Suna kuma da baƙin wake ruɓaɓɓe mai gishiri, wanda aikinsa cikin girki daidai yake da na daddawa. Ƙamshinsa na iya damun wanda bai saba ba, kamar yadda daddawa ke damun baƙo. Ban da waɗannan, takan riƙo busasshen naman kaza, da ganyen shayi, da ɗan itacen nan mai kashe harshe in ita mutuniyar Sicuwan ce.

Dabara ta Biyu: Kasuwar Gari

Guzuri ba ya ƙoshar da gida. Sauran abin da za a ci sai an nemo shi inda ake zaune. A nan ne mace mai hankali takan buɗe ido.

Da za a kawo Basiniya kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi da rani, sa'ad da kayan lambu suka cika rumfuna, da ta ga abubuwa da yawa da ta sani tun tana yarinya. Ga tafarnuwa, ga citta, ga albasa mai lawashi. Waɗannan uku su ne tushen yawancin girkinsu. Ga kabeji, ga barkono, ga kanumfari. Ga alayyafo, wanda su ma suke ci a gida. Ga man gyaɗa, irin wanda mutanen Gwandon ke suya da shi. Ga riɗi, wanda suke soyawa su matse mansa, su ɗiga kaɗan bisa abinci don ƙamshi. Riɗin da manoman Arewa ke nomawa, wani ma har ƙasar Sin ake kai shi. Ga kuma karfasa da tarwaɗa daga madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa kusa da Dutsin-Ma a shekarar 1983.

Abin da babu kuwa sai a nemi makwafinsa. In ba ta sami ganyen da ta saba da shi ba, kabeji ya tsaya a madadinsa. In babu taliyar gida, ga garin alkama, ta kwaɓa ta murza da kanta. In tana son dofu, sai ta jiƙa waken suya ya kwana, ta niƙa, ta tace, ta tafasa madarar. A gida da garin wani farin dutse suke sa madarar ta daskare. A nan kuwa ruwan tsami ko lemun tsami na yin aikin, kamar yadda masu awara suke yi. Sa'an nan ta juye cikin ƙyalle, ta danne da dutse, ruwan ya tsane. Bambancin kaɗai, Bahaushiya takan soya tata ta yi ja, Basiniya kuwa sau da yawa takan bar tata fara mai taushi, ta dafa cikin miya.

Dabara ta Uku: Hannun Mai Girki

Ko da kaya sun canja, akwai abin da ba ya canjawa, shi ne yadda ake sarrafa su. Wannan a kai yake da hannu, ba a biyan kuɗin dako a kansa.

Matan Sin suna da wani kasko na baƙin ƙarfe, mai faɗin baki, mai zurfi a tsakiya. Kafin a hura wuta, sai an yayyanka nama da ganye ƙanana ƙanana, an jera kome kusa. Sa'an nan a sa wuta mai ƙarfi, a zuba mai kaɗan, a jefa tafarnuwa da citta, a bi da nama, a bi da ganye, ana juyawa ba tsayawa. Cikin minti uku ko huɗu an sauke. Wannan hanya tana da amfani biyu. Ba ta cin itace da yawa, ganyen kuma yakan fito kore shar bai mutu ba. A ƙasar da itace ke tsada kamar ƙasar Katsina, wannan abin lura ne.

Hanya ta biyu ita ce turarawa. Suna saƙa kwanduna na gora masu murfi, a ɗora bisa ruwa mai tafasa, tururi ya dafa abin da ke ciki. Aikinsu ɗaya da madambacin da ake dambu da shi.

Da yake an riga an yanka kome ƙanana, ba a bukatar wuƙa wurin ci. Da tsinke biyu suke ɗauka. Kowa da ɗan kwanonsa na shinkafa, amma nama da ganye a tsakiya ake ajiyewa, kowa ya miƙa hannu. Yaro ba ya fara ci kafin manya. A nan ladabinsu ya yi daidai da na Hausawa.

Me Ya Sa Ake Shan Wannan Wahala?

Wani zai ce, ai ga shinkafa da miya a gari, me zai hana baƙo ya ci ya huta? Lalle suna ci. Amma iyaye suna da wani tsoro. Yaron da aka haifa a baƙuwar ƙasa yana zuwa makarantar gari, yana wasa da yaran gari. Sannu a hankali harshen iyayensa yakan yi masa nauyi. In abincin gida ma ya ɓace masa, ran da aka kai shi ganin kakanninsa sai ya zauna gaban kwano kamar baƙo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Don haka ne ba su wasa da girkin ranar Sabuwar Shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ita ce babbar sallarsu. Mutanen arewa sukan zauna da dare, babba da yaro, suna murza ƙullun alkama faifai-faifai ƙanana, suna zuba nama da ganye a ciki, suna liƙe baki, a dafa cikin ruwa. Hannu na aiki, baki na ba da labarin gida. A wurin nan ne yaro ke jin sunan ƙauyensu da na kakanninsa.

Hausawa Ma Haka Suke

Wannan hali ba na Sinawa kaɗai ba ne. Hausawa sun daɗe da saninsa, gama su ma matafiya ne. Fataken goro da suka zauna a zangunan Kumasi da Ankara ba su bar tuwo ba, har mutanen Gana suka koya, suna kiransa tuwon zafi. Koko da ƙosai ma sun zama karin kumallon biranensu. A Sudan, inda mahajjata da masu hijira suka zauna, ana sayar da tsiren da ake kira agashe.

Har wa yau, in ɗan Kurfi ko Dutsin-Ma zai tafi karatu Masar ko Ingila ko ƙasar Sin, uwarsa takan ƙulla masa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. In ya isa bai sami garin dawa ba, sai ya tuƙa tuwon da garin shinkafa. Ga guzuri, ga kasuwar gari, ga hannun mai girki. Dabarun nan uku ne dai.

Saboda haka yaro mai hankali ba ya yi wa abincin baƙo dariya, ko ya toshe hanci. Kwanon nan da ke gaban baƙo, shi ne ɗan abin da ya rage masa na gida. Kuma ya kamata kowane yaro, mace da namiji, ya tsaya kusa da murhu ya ga yadda ake kaɗa miyar kuka. Ba wanda ya san inda tafiya za ta kai shi.

Tambayoyi

1. Daga wace ƙasa awara ta fito, da me kuma ake yin ta?
2. Don me mutanen arewacin Sin ke cin alkama, na kudu kuma shinkafa?
3. Faɗi abubuwa biyar da Basiniya za ta gane a kasuwar Dutsin-Ma.
4. Mene ne amfanin yayyanka nama da ganye ƙanana kafin a dafa?
5. Waɗanne dabaru uku ne iyali ke bi don su ci abincin gida a baƙuwar ƙasa?