Neman Gurbin Karatu a Amurka da Matsakaicin Maki

Rahoton Open Doors, wanda cibiyar IIE mai bibiyar harkokin ilimi tsakanin ƙasashe take fitarwa duk shekara, ya nuna cewa a zangon karatu na 2023/2024 'yan Najeriya fiye da 20,000 ne ke karatu a manyan makarantun Amurka, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a nahiyar Afirka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙalilan ne daga cikinsu ke jami'o'in da sunansu ya cika duniya irin su Harvard da Yale da Stanford, domin akasarinsu suna warwatse ne a jami'o'in jihohi da ƙananan kwalejoji waɗanda iyayensu ba su taɓa jin labarinsu ba sai ranar da takardar gurbi ta iso. Amurka na da manyan makarantu masu ba da digiri kusan 4,000, amma matashin da ya kammala sakandare a Kano ko Kumasi ko Maraɗi yakan shiga neman gurbin digirin farko da sunaye goma kacal a kansa, kuma goman nan su ne suka fi wuyar shiga a faɗin ƙasar. A shekarar 2024 jami'ar Harvard ba ta ɗauki ko kashi 4 cikin ɗari na masu nema ba, kuma cikin waɗanda ta mayar akwai dubbai masu makin da ya kusa kai wa ƙololuwa.

Jarrabawar da aka fi auna masu nema da ita ita ce SAT, wadda hukumar College Board ke shiryawa, kuma tun daga watan Maris na 2023 ɗaliban da ke wajen Amurka a kwamfuta suke rubuta ta. Tana da ɓangare biyu, ɗaya na karatu da rubutun Ingilishi ɗaya na lissafi, kowanne daga maki 200 zuwa 800, don haka jimillar takan faɗo tsakanin 400 da 1600. Akwai kuma takwararta ACT, wadda makinta ke tashi daga 1 zuwa 36. Matsakaicin makin masu rubuta SAT a 'yan shekarun nan ya ɗan haura 1000 ne kawai, saboda haka ɗalibin da ya samu 1100 ko 1200 bai faɗi ba, ya ma wuce rabin waɗanda suka zauna jarrabawar tare da shi. Matsalarsa ita ce fitattun jami'o'in da ya sa a gaba kusan duk ɗalibansu da 1500 ko kusa da haka suka shiga, kuma ba a cike tazarar maki 300 da kyakkyawar wasiƙa.

Babu buƙatar hasashe a kan wannan, domin jami'o'i da yawa suna wallafa wata takarda a shafukansu na intanet mai suna Common Data Set, wadda ke ƙunshe da alƙaluman ɗaukar ɗalibai a tsari iri ɗaya ta yadda za a iya kwatanta wata makaranta da wata. A sashenta na C9 ana nuna maki biyu masu muhimmanci, wato makin da kashi 25 cikin ɗari na sababbin ɗalibai suke ƙasa da shi, da makin da kashi 25 suke sama da shi, kuma rabin ɗaliban suna tsakanin waɗannan biyun. A ƙaddara ɗaliba ce ta samu 1150, ta buɗe takardar wata jami'a ta ga 1480 da 1560: ma'anarsa ko cikin rubu'in ƙasa na ɗaliban wurin tana can baya, kuma rubu'in nan galibi 'yan wasan makaranta da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da masu wata baiwa ta daban ne ke cike shi. Idan ta buɗe ta wata jami'ar ta ga 1080 da 1270, to tana tsakiyar jama'a, za a karanta takardunta da idon basira. Idan kuwa ta ga 950 da 1130, ta shiga rubu'in sama, kuma a nan ne makaranta kan fara tunanin rage mata kuɗi don ta jawo ta. Wannan duba na minti biyar ya fi duk wani jerin jami'o'i mafi shahara amfani, domin irin waɗancan jerin ba sa gaya wa mai nema inda shi kansa ya tsaya.

Sai dai karatun waɗannan alƙaluma ya ɗan rikice tun bayan annobar korona ta 2020, lokacin da jami'o'i masu yawa suka mayar da miƙa makin jarrabawa ganin dama, tsarin da kwalejin Bowdoin ta fara tun 1969. Inda aka bar wa ɗalibi zaɓi, masu maki mai yawa ne ke miƙawa, sauran su yi shiru, sai alƙaluman da makarantar ke wallafawa su kumbura fiye da haƙiƙanin ajin, kuma saboda haka ne ya kamata a duba kason ɗaliban da suka miƙa maki, wanda shi ma yana cikin sashen na C9. Wasu sun koma tilasta jarrabawar, kamar MIT a 2022 da Dartmouth da Yale da Brown da Harvard a 2024, yayin da rassan jami'ar Kalifoniya ba sa kallon makin ko da an aika musu. Ƙa'idar da masu ba da shawara suka fi bi ita ce a miƙa maki idan ya kai tsakiyar alƙaluman makarantar, a riƙe shi idan bai kai ba. Wanda ya riƙe kuwa ya sani cewa nauyin ya koma kan sakamakon sakandarensa na shekara uku da takardar WAEC, inda jerin A1 da B2 da B3 ke iya yi masa aikin da SAT ba ta yi ba, ko kan sakamakon bakaloriya ga ɗaliban Nijar da Chadi. Waɗannan na biyu suna da ƙarin jarrabawar ƙwarewa a Ingilishi, TOEFL ko IELTS ko ta Duolingo, wadda jami'o'i da dama ke yafe wa 'yan Najeriya da Gana, ko da yake ba duka ba.

Duk da haka, maki ba shi ne ƙofar da ta fi ƙunci ga ɗalibin waje ba, kuɗi ne. Ɗalibin waje ba ya cikin waɗanda gwamnatin tarayyar Amurka ke ba tallafi ko rancen karatu, don haka duk wani sauƙi daga aljihun makarantar zai fito, kuma a manyan jami'o'i masu zaman kansu kuɗin shekara ɗaya, idan aka haɗa da masauki da abinci, ya haura dala 80,000. Jami'o'in da ke tantance ɗalibin waje ba tare da duba ƙarfin iyayensa ba, sannan su biya masa duk abin da ya gaza, ba su da yawa: Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst ne suka daɗe a kan haka, sai wasu ƙalilan irin su Dartmouth da Bowdoin da suka bi sahu a 2022. Abin takaici, waɗannan su ne kuma masu neman maki mafi yawa. Sauran makarantu kusan duka suna duba abin da ɗalibi ya ce zai iya biya kafin su yanke hukunci, ta yadda mutum biyu masu takardu iri ɗaya, wanda ya ce zai biya dala 25,000 a shekara zai iya samun gurbi, wanda ya ce ba shi da ko sisi a mayar da shi. Sashen H6 na takardar Common Data Set yana bayyana yawan ɗaliban waje da makaranta ta tallafa wa da matsakaicin abin da kowannensu ya samu, kuma makarantar da ta bar wannan sashe babu komai, ko ta nuna mutum biyar kacal, ta riga ta ba mai nema amsa.

Masu ba ɗalibai shawara a Amurka sukan kasa jerin makarantu gida uku: na buri, waɗanda samunsu sai da sa'a, na daidai, waɗanda takardun ɗalibi suka yi kama da na mutanen cikinsu, da na tudun mun tsira, waɗanda kusan tabbas za su ɗauke shi. An gina wannan rabo ne don ɗan ƙasa, kuma idan aka ɗora shi kan baƙo yakan yaudare shi, saboda makarantar da ke ɗaukar kashi 80 cikin ɗari na masu nema ba tudun tsira ba ce ga wanda ba zai iya biyan kuɗinta ba. Ga ɗalibin waje, makaranta ba ta shiga kashi na uku sai makinsa ya wuce na yawancin ɗalibanta kuma iyalinsa za su iya ɗaukar nauyinta shekara huɗu ko da tallafin bai zo ba. Ke nan jerin ya kamata ya fara ne daga zaman da iyali za su yi su faɗi gaskiyar abin da za su iya fitarwa duk shekara, da dala ba da naira ba, tun da wanda ya yi lissafi a farkon 2023 lokacin da dala ɗaya take kusan naira 460 a farashin hukuma ya wayi gari a 2024 tana neman 1,500. Manhajar Common App tana ba ɗalibi damar neman makarantu har 20, amma da yake da yawansu na karɓar dala 50 zuwa 90 kuɗin nema, takwas ko goma da aka zaɓa da hankali, biyu kawai na buri, sun wadatar.

Inda mai matsakaicin maki ya fi samun shiga shi ne jami'o'in jihohi na mataki na biyu, musamman a tsakiyar ƙasar da kudancinta, inda rayuwa ta fi araha kuma wasu ke da ragin kuɗi da aka ƙayyade bisa sakamakon sakandare ko maki, sai kuma ƙananan kwalejoji masu zaman kansu waɗanda raguwar ɗalibai ta sa suke yin rangwame mai tsoka. Akwai kuma kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu, waɗanda galibi ba sa neman SAT kuma kuɗinsu ya yi ƙasa sosai, daga nan ɗalibi ya koma jami'a ya ƙarasa shekara biyun da suka rage. Kwalejin Santa Monica ta yi suna wajen tura ɗalibai jami'ar UCLA ta wannan hanya. Illarta ita ce ba kasafai suke ba baƙo tallafi ko masauki ba, kuma shekara biyun ƙarshe a cikakken farashi za a biya su. Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin karatu kuma kowane ɗalibinta ke yin aikin aƙalla awa 10 a mako, tana yawan fitowa a bakin masu nema, amma 'yan gommai ne take ɗauka daga duniya baki ɗaya a shekara, don haka wurinta a jeri shi ne cikin na buri.

Bayan an samu gurbi, makaranta ba za ta bayar da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi ta F-1, ba sai an nuna mata shaidar kuɗin shekarar farko, sannan a biya dala 350 na rajistar SEVIS da dala 185 na neman biza. In ba da izini na musamman ba, dokar bizar ta taƙaita aikin ɗalibi ga cikin makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu, abin da ke sayen abinci da littattafai amma ba ya biyan kuɗin makaranta, don haka dillalin da ya ce wa iyaye yaro zai yi aiki ya biya wa kansa ba gaskiya ya faɗa musu ba. Wajibi ne kuma a tabbatar wata hukumar tantancewa da aka amince da ita ta san da makarantar, kuma ana karatu a cikinta da gaske. A 2019 an kama ɗaliban waje da dama da suka yi rajista a jami'ar Farmington ta jihar Michigan, wadda ashe jami'an shige da fice ne suka kafa ta a matsayin tarko, ba ta da malami ko aji. Cibiyoyin EducationUSA na Abuja da Legas, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, an kafa su ne don ba da irin wannan bayani.

Sauran lamarin kuwa ba a hannun jami'a yake ba. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da shigar 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan, kuma a watan Disamba na shekarar ta faɗaɗa matakin ya shafi Nijar da Najeriya, har da bizar ɗalibai. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, amma takardar gurbi ba ta ɗage su. Saboda haka kafin iyali su kashe ko dala ɗaya a kan jarrabawa ko kuɗin nema, su fara tabbatar da matsayin ƙasarsu daga ofishin jakadancin Amurka, kuma su sa jami'o'in wasu ƙasashe da na gida cikin jerin, ɗalibi ya rubuta JAMB ko takwararta a kan lokaci.