Zama da amosanin gaɓɓai a ƙauye

Amosanin gaɓɓai, wanda mutanen karkara suka fi kira sanyin ƙashi, ciwo ne da ake zama da shi shekara da shekaru, kuma yawancin jinyarsa a tsakar gida ake yin ta. Nau'in da ya fi yawa yana tasowa ne idan guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ya zaizaye, gaɓa ta riƙa ciwo tana ƙagewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da shi, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ya fi kamawa. Akwai wani nau'in da garkuwar jiki ke afka wa gaɓɓai, ya kumbura yatsu da wuyan hannu dama da hagu. Shi wannan sai da maganin likita na dogon lokaci, kuma ƙagewarsa ta safiya kan kai awa guda, alhali ta na farkon ba ta cika wuce rabin awa ba.

A ƙauyen noma na ƙasar Kano kusan komai a ƙasa ake yin sa. Zama a tabarma ne ko kujera 'yar tsugunno, girki a murhu, shara da gajeriyar tsintsiya, masai ma na tsugunno ne. Dattijuwa kan durƙusa ta miƙe ba adadi tsakanin asuba da lisha, manomi kuma a duƙe yake yini kan fartanya. Lafiyayyar gwiwa ba ta damu da wannan ba, amma wadda ta zaizaye kowace miƙewa sai an dafa bango.

Wanda ciwonsa ya tsananta akan tura shi birni, sashen gashi na babban asibiti ko Asibitin Ƙashi na Dala. Nisa da kuɗin mota ba sa barin a yi ta sintiri, don haka likitan gashi kan koya wa majiyyaci da ɗan rakiyarsa abin da za su ci gaba da yi a gida. Babban abin shi ne ƙarfafa naman cinya, domin shi ke tallafe gwiwa. Mutum ya zauna a kujera mai tsayi, ya miƙe ƙafa ɗaya sambal, ya riƙe ta ya ƙirga goma, ya sauke a hankali, ya maimaita kamar sau goma kafin ya sauya ƙafa. Akwai kuma tashi da zama daga kujera, da tattaki a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Mai ciwon yatsu kan tsoma hannu a ruwan ɗumi da safe, yana dunƙulewa yana buɗewa. Gashi da tsumma mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana sassauta ƙagewa, musamman da hunturu, amma gaɓar da ta kumbura ta ɗau zafi tsumma mai sanyi take so. Ɗan ciwo yayin atisaye ba laifi. Idan ya kwana ya wuni, an zarce ƙima, sai a rage. Ga mai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ya zubar yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Abin da ya fi kawo cikas a nan tausayi ne. Suruka ta ga uwar mijinta tana ɗingishi, sai ta karɓe komai: "Inna, ki zauna ki huta." Inna kuwa in ta yi watanni a kan tabarma, cinya ta saki, gaɓa ta ƙara sandarewa.

Bayan gashi, fanni na biyu shi ne gyaran yadda ake ayyukan yau da kullum. Ƙwararrunsa ba su da yawa a Najeriya, amma dabarunsu kafinta da maƙerin ƙauye na iya aiwatar da su. Kujerar katako mai rami a tsakiya, wadda ake ɗorawa kan masai, ta kawar da tsugunno, wanda shi ne abin da masu ciwon suka fi jin nauyin faɗa. Akan ɗaura wa tsintsiya doguwar sanda, a ɗaga murhu a kan dakali, a naɗa tsumma a mariƙin muciya da ludayi don yatsu su riƙe ba tare da matsewa ba. Wurin ɗebo ruwa, jarka rabi sau biyu ta fi cikakkiya sau ɗaya. Daka ya koma hannun 'yan mata ko inji, dattijuwa ta riƙe tankaɗe da tsintar wake a zaune. Sanda ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na gwiwar da ke ciwo ba, kuma mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu idan mutum na tsaye. Wurin hawa dakali lafiyayyar ƙafa ke yin gaba, wurin sauka mai ciwon. Salla kuwa shari'a ta ba wanda ya kasa tsayuwa damar yin ta a zaune, shi ya sa ake ganin kujerun roba a gefen sahu.

Ƙwayoyin kashe ciwo da ake saye a kemis ko hannun 'yan talla suna da nasu haɗarin. Irin su diclofenac da ibuprofen, in aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba, suna jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Ƙaho da tsaga na wanzami ba sa mayar da guringuntsin da ya tafi, kuma aska marar tsabta na iya shigar da wata cutar. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi jau tare da zazzaɓi, ba ta gashi ba ce. Ƙwayar cuta na iya kasancewa a ciki, kuma a ranar ya kamata a kai mai ita asibiti.