Rabi'u Ali: Ɗan Tamaular Da Ya Zauna Gida

Duk wanda ya bi ta Fagge da la'asar sakaliya, ya miƙe har Sabon Gari, ba zai rasa ganin yara suna buga tamaula a kowane ɗan fili ba, wasu da takalma, wasu ƙafa a ƙasa, sun aza duwatsu biyu a matsayin raga. In ka tambaye su burinsu, galibi amsa ɗaya ce, wato su tafi Turai. Ba za a ga laifinsu ba, domin sun ji labarin waɗanda suka bi wannan hanya. Mikel Obi da Odion Ighalo duk ta kulob ɗin Lyn na birnin Oslo, a ƙasar Norwe, suka shiga Turai, ƙasar da sanyi yake daskarar da ruwa har a yi wasa a kansa. Amma akwai wani ɗan wasa na Kano wanda bai bi wannan hanya ba, kuma ya daɗe a fili fiye da yawancin waɗanda suka bi ta. Shi ne Rabi'u Ali na Kano Pillars, wanda jama'a suka fi sani da Pele.

Kafin a zo kansa, ya kamata mai karatu ya san ƙasar da ya tsiro a cikinta. Sabon Gari dai an kafa ta ne a bayan ganuwa bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Fagge kuwa ta girme ta nesa, tun zamanin da ayarin raƙuma yake sauka a can. Zaman maƙwabtaka ya sa abin da ya shigo Sabon Gari ba ya daɗewa bai shiga Fagge ba, tamaula kuma tana daga cikin abubuwan da suka shiga suka zauna. A 1978 kulob ɗin Raccah Rovers na Kano ya ci gasar kulob-kulob ta ƙasa, kuma a wannan shekara ce ya kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, inda shi Pele na ainihi ya buga wa baƙin. Saboda haka sunan nan ba baƙo ba ne a kunnen Kanawa, kuma ba kowane yaro suke laƙaba wa shi ba.

A 1990 aka haɗa kulob uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, mutumin Fagge wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya daga 2002 zuwa 2006, shi ne kan gaba a wannan aiki. Filin wasa na Sabon Gari har sunan kulob ɗin yake ɗauke da shi, ko da yake manyan wasanni an fi yin su a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

An haifi Rabi'u Ali ran 27 ga watan Satumba, 1980. Ɗan wasan tsakiya ne mai kai hari, wato wanda yake tsayawa a bayan masu cin ƙwallo yana raba musu, in ya ga dama kuma ya buga da kansa. Ba gudu ne jarinsa ba. Abin da ya fi shahara da shi shi ne bugun tazara da bugun fenareti, da kuma sanin inda ƙwallo za ta faɗa tun ba ta bar ƙafar mai ita ba. Wannan, a ganinmu, shi ne sirrin daɗewarsa, domin gudu yana tafiya da shekaru, amma ido da natsuwa ƙaruwa suke yi.

Da shi Pillars ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, biyun farko a hannun mai koyarwa Baba Ganaru, na uku a hannun Okey Emordi. A waɗannan shekaru baƙo ba ya zuwa Kano ya tafi da nasara, har sai da Nasarawa United ta karya wannan lago a 2015, bayan kimanin shekara 12. Kirarin nan na "Sai Masu Gida" ba a banza aka yi shi ba.

Sauran 'yan Nijeriya ba su san darajarsa sosai ba sai a watan Janairu na 2014, lokacin da marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu domin gasar CHAN, wadda aka keɓe wa 'yan wasan da suke bugawa a ƙasashensu kaɗai. Yana da shekara 33 a lokacin, shekarun da wasu suke rataye takalma. Ya ci Mozambik ƙwallo biyu. Sa'an nan aka zo wasan Maroko, wanda duk wanda ya gani ba zai manta ba: aka tafi hutun rabin lokaci an zura wa Nijeriya uku ba ko ɗaya, aka dawo ta rama duka, ɗaya daga ƙafar Rabi'u, kana ta ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Nijeriya ta zo ta uku a gasar. A 2018 ma yana cikin tawagar Salisu Yusuf da ta kai wasan ƙarshe a Maroko, inda masu masauƙi suka ci huɗu ba ko ɗaya.

To, amma zaman gida ba duka ne daɗi ba. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a kusa da Abaji, a kan hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa da dama suka ji rauni. Irin wannan tafiya ta kwana da yini a mota, ita ce abincin ɗan wasan gida duk mako biyu, alhali takwaransa na Turai jirgin sama yake hawa. A 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, Pillars tana gaban Enugu Rangers da ci uku ba ko ɗaya, sai reshe ya juye da mujiya, Rangers ta rama ta kuma ci a bugun fenareti. Wato abin da ya yi wa Maroko shi aka yi masa. A watan Yuni na 2019 kuma, a filin Agege da ke Ikko, hukumar gasa ta dakatar da shi wasa 12 saboda tunkarar alƙalin wasa, ranar da magoya baya suka kutsa cikin fili. Wannan tabo ne, ba kuwa za a ɓoye shi ba, domin kyaftin idan ya fusata, dubban mutane ne suke fusata a bayansa. Wata guda bayan haka Pillars ta doke Niger Tornadoes a Kaduna, ta ɗauki kofin ƙalubale karo na farko a tarihinta.

Jarrabawa mafi girma ta zo ne a 2022, da Pillars ta faɗo daga babban rukuni bayan an zabtare mata maki saboda hargitsi. A irin wannan lokaci ne 'yan wasa sukan watse, kowa ya nemi inda za a biya shi. Rabi'u, yana da shekara 42, ya bi kulob ɗinsa ƙaramin rukuni, aka dawo da shi sama a 2023.

Akwai abin da ya kamata ma'aikatan gwamnati su lura da shi a nan. Pillars kulob ne na Gwamnatin Jihar Kano, daga baitulmali ake biyan 'yan wasansa. Sai dai ma'aikaci ya san in ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai 60 a duniya, akwai fansho da garatuti. Ɗan wasa kuwa kwantiragi ne a hannunsa, na kaka ɗaya ko biyu, kuma karaya guda tana iya rufe littafin. Wanda ya tafi waje yakan tara abin da zai riƙe shi. Wanda ya zauna ya cika wa gwamnati fili mako bayan mako, shi ya fi kowa bukatar a yi masa tanadi, kuma wannan magana ba ta Rabi'u kaɗai ba ce, ta ɗaruruwan da ba a san sunayensu ba ce.

Ahmed Musa shi ne misalin ɗaya hanyar. Ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi Holan, daga can Rasha, Ingila, Saudiyya da Turkiyya, ya ci ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya. Da ya komo Pillars a watan Oktoba na 2024, ya tarar da Rabi'u Ali, wanda ya girme shi da shekara 12, yana nan cikin fili yana cin ƙwallo, suka buga kakar tare. A watan Yuli na 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan kulob ɗin.