Maulidin Shehu Inyass: Taron Da Ke Haɗa Baƙi Da 'Yan Gari

Idan watan Rajab ya kama, zawiyoyin Tijjanawa na Minna sukan shiga shirin tafiya. Daga Limawa har Bosso za ka ga ana haɗa kuɗin mota, ana neman sanin garin da za a yi Maulidin Shehu Ibrahim Inyass na ƙasa, domin ba gari ɗaya ake yinsa kullum ba. An yi shi a Abuja cikin 2018, a Sakkwato cikin 2021, a Kano kuma cikin 2025.

Minna kuwa ta daɗe da sanin baƙi. A nan ne hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda aka gama cikin 1911, ta haɗu da wadda ta taso daga Ikko. Tun kafin garin ya zama hedkwatar Jihar Neja cikin 1976, Gwarawa da Nufawa da Hausawa da Yarabawa suke zaune tare a cikinsa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga mota guda ta ɗauko masu harsuna huɗu, amma zikirinsu ɗaya.

Shi wanda ake taruwa dominsa ba ɗan Nijeriya ba ne. An haifi Shehu Ibrahim a ƙasar Sanagal cikin 1900, ya zauna a Kaulaha, ya rasu a Landan cikin 1975. Ɗarikar da ya bi ta Shehu Ahmadu Tijjani ce, wanda aka haifa a Aljeriya, ya rasu a Fas ta Maroko cikin 1815. Cikin 1937 Shehu Ibrahim ya gamu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a wajen aikin Hajji, to daga nan ƙofar Arewa ta buɗe masa. A yau almajiransa sun bazu daga Gana da Nijar har Amurka da Ingila.

To, mene ne ya riƙe wannan jama'a mai yawa haka? Ba taron shekara kaɗai ba ne. Kowane muridi yana da lazimi safe da yamma, watau istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Akwai wazifa da ake zama a yi tare kullum, sa'an nan ga zikirin Juma'a bayan La'asar. Mutum yakan zauna ya natsu, ya kau da zuciyarsa daga ciniki da bashi, ya tuna Ubangijinsa. Abin da mai sayar da goro yake karantawa a Shagamu, shi ne ɗan'uwansa yake karantawa a Kaulaha, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

Mutanen Arewa mazauna Kudu sun fi kowa sanin amfanin wannan. A farkon shekarun 1950 yawancin Hausawan Sabo ta Badun suka shiga ɗarikar, zaman wazifa ya ƙara musu danƙon zumunci. Har wa yau, baƙon da ya sauka Agege bai san kowa ba, in ya nemi zawiya zai sami tabarma da wanda zai ji ƙwaƙwaf ɗin lafiyarsa.

Amma fa haɗa kai ba ya zuwa a banza. Dattawa ba su manta da rigimar ƙabalu da sadalu ba, lokacin da saɓani kan inda za a sa hannu cikin salla ya raba Tijjanawa da Ƙadirawa a lardin Sakkwato, har aka zub da jini. Da hankali da haƙurin malamai wutar ta lafa. Yanzu a Kano shugabannin ɓangarorin biyu sukan halarci tarukan juna, har da Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya kafa domin tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza.

A wajen Maulidi akan rufe da addu'ar zaman lafiya ga ƙasa da duniya baki ɗaya. Sai dai ba a filin taro ake gane ko addu'ar ta shiga zuciya ba. Ana ganewa ne bayan motoci sun koma Minna da Ikko da Fatakwal, a ga yadda mai carbi zai zauna da maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo, Musulmi ko Kirista, da yadda zai auna wa mai saye mudu.

Allah Ya ƙara haɗa kan bayinSa, amin.