Tafasa Ba Ta Kashe Gubar Kamfanonin Fata

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa, daga Panshekara har Dakata. Mai maganar ya ce shi masanin sinadarai ne. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya yi karatu ba, amma bai manta da cewa "don Allah a tura wa 'yan'uwa" ba, kuma an tura.

Ya fara da gaskiya. Ruwan da ke fita daga masana'antun Kano gurɓatacce ne: na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa Kogin Challawa, na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara har dam ɗin Wasai, kuma malaman Jami'ar Bayero sun daɗe suna auna ƙarafa masu guba a cikinsa. Daga nan sai ya saki hanya. Wai ana ƙera shinkafar roba a Sharaɗa: ko wadda kwastan suka kama a Legas a Disambar 2016, NAFDAC ta gwada ta ce babu roba a ciki. Wai cokali da kwanon silba suna sa sankara saboda akwai kuromiyum a jikinsu: akwai shi, fiye da kashi 10 cikin 100 ma, amma a ɗaure yake cikin ƙarfen, shi ne ma yake hana shi tsatsa. A ci gaba da cin tuwo.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙarshen saƙon. Ya ce wuta tana cinye kowace guba, don haka in an tafasa ruwan rijiyar da ke kusa da magudanar kamfani ya zama lafiyayye, ragowar shuɗiyar fatar da kamfanoni ke zubarwa kuma a kwaso a hura wuta da ita, a yi babbaka, a zuba tokar a lambu.

Ban ga laifin wanda ya yarda ba. Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya suna cewa a tafasa ruwa saboda kwalara da taifot, kuma gaskiyarsu ce. Ga tsadar gas, ga tsadar gawayi. Magidancin da aka ce masa ga makamashi kyauta a bola ai dole ya saurara. Laifin yana kan wanda ya ari rigar masana ya yi wasa da rayukan mutane.

Ƙwayar cuta abu ne mai rai, zafi yana kashe ta. Kuromiyum, gubar da ke cikin ruwan kamfanonin fata, ba shi da rai balle ya mutu. Ƙwayar zarra ce mai lamba 24 a jadawalin sinadarai, kuma babu murhu ko tanda da za ta mayar da ita wani abu dabam. Wuta tana sauya yadda ƙwayoyin zarra suke haɗe da juna ne kawai, ba ta ɓatar da ko ɗaya. Duk mai girki ta sani: in miya ta yi gishiri, barin ta a wuta ƙara mata gishiri yake yi, domin ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan. Haka ƙarfen da ya narke a ruwa. Dalmar da ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010 ma da tafasa tana maganinta da ba a kai ga kankare ƙasar gidaje ana fitarwa ba.

Ƙona fatar kuwa ya fi tafasar muni, kuma a nan ne sanin tsarin zarra yake da amfani. Majeman gargajiya irin na Ƙofar Wambai da bagaruwa suke jima. Kamfanoni kuwa da gishirin kuromiyum suke yi, dabarar da ta bazu daga Amurka tun 1884. Irin wanda suke zubawa ana kiransa kuromiyum na uku, domin ƙwayar ta rasa elektiron uku. A wannan hali tana maƙale wa zaren fata ta ɗaure su da juna, shi ya sa fatar ke fitowa shuɗiya, ba ta ruɓewa, har tana jure ruwan zafi. Ba ta shiga ƙwayoyin jikin mutum da sauƙi, a ƙasa ma yawanci maƙalewa take yi. Gubarta da sauƙi, ko da yake ba abin sha ba ce.

Amma in aka haɗa ta da zafi mai tsanani da iska, musamman in akwai toka ko farar ƙasa a wurin, sai wani sashe ya koma kuromiyum na shida. Ƙwayar ita ce dai, ba a ƙara mata nauyi ba, tsarinta ne ya sauya: yanzu ƙwayoyin iskar oksijin huɗu sun kewaye ta, siffarta ta yi daidai da ta salfet, wani sinadari da jiki ke buƙata. Ta hanyar da aka tanada wa salfet take kutsawa cikin ƙwayoyin jiki, a can ta lalata ƙwayoyin halitta. Tana narkewa a ruwa nan take, ruwan sama yana iya wanke ta daga toka zuwa rijiya. Hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta huhu ga masu shaƙa. Tana kuma cin fata ta bar gyambo, tana huda cikin hanci. Wato shawarar wannan bawan Allah ita ce a ɗauki mai sauƙin guba a dafa shi ya zama mai kisa, a shaƙi hayaƙin, sannan a kai ragowar gindin latas da alayyafo.

Kada kuma a zarce. Ba kowace rijiya a Kumbotso ko Nasarawa ba ce ta gurɓace, kuma hujjar cutarwar shaƙa ta fi ta sha ƙarfi. Sai dai ido ba ya rabewa, ruwa yana iya zama garau alhali ya wuce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, miligiram 0.05 na kuromiyum a lita guda. Gwajin ɗakin bincike ne kaɗai ke yanke hukunci. Tarayyar Turai tun 2015 ta hana shigar da kayan fata masu taɓa jiki in kuromiyum na shida ya kai miligiram 3 a kilo. A 2019 NAFDAC ta yi gargaɗi kan fatun masana'antu da ake karkatarwa kasuwa a sayar a matsayin ganda.

Masu unguwanni da limaman yankunan Sharaɗa da Challawa da Bompai, ku haɗa kuɗi a kai ruwan rijiyoyinku gwaji, ku matsa wa hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, da ma'aikatar muhalli ta jiha su duba abin da ake zubarwa. Wanda kuma ya tura wancan saƙon, ya koma zauren da ya tura shi ya ce kada kowa ya sa shuɗiyar fata a wuta.