Gansakuka Mai Dafi a Tafkuna Marasa Zurfi: Abin Lura ga Ƙasar Katsina

Hausawa suna kiran koren da ke rufe ruwa gansakuka, amma sunan ya haɗa abu biyu. Akwai mai zare-zare, wadda in ka sa sanda za ta biyo ta. Wannan ba ta cika cutarwa ba. Akwai kuma wadda kan kwanta kamar an zuba koren fenti, ba ta kamuwa da sanda. Ita wannan ba tsiro ba ce, tarin ƙwayoyi ne da masana ke kira sayanobakteriya, waɗansunsu kuwa suna fid da dafi mai lalata hanta. A kanta muke magana.

Abu huɗu take bukata. Na fari abinci, watau fosfaras da naitirojin, waɗanda ke cikin takin zamani da kashin dabbobi da ƙazantar gari. Na biyu zafi, gama ta fi bunƙasa in ɗumin ruwa ya haura digiri 25. Na uku haske. Na huɗu ruwa kwantacce, don ƙwayoyin suna da 'yan jakunkunan iska da ke taso da su sama, su yi wa sauran tsirrai inuwa.

To, mu dubi ƙasar Katsina, inda aka gama madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, ga kuma kududdufan Dutsin-Ma da Kurfi. Da damina malale yana kwaso taki daga gonaki ya zuba cikinsu, amma ruwan ya yi jawur da laka, haske ba ya ratsa shi. Da rani laka ta kwanta, ruwa ya janye, garkuna su taru a baki. In bazara ta yi, daga Maris zuwa Mayu, sai sharuɗɗan nan su haɗu. Ashe abin da za a gani da bazara tun damina aka shuka shi.

Rashin zurfi yana ƙara tsananta abin. Ruwa kaɗan ya fi saurin ɗumama, sa'an nan taɓon ƙasa rumbu ne na fosfaras: iska ko kofaton shanu na motsa shi, abincin ya koma cikin ruwa. Shi ya sa tafki kan yi shekaru bai warke ba, ko an daina zuba masa taki.

An ga haka a tafkin Taihu na ƙasar Sin, wanda zurfinsa wajen mita 2 ne. A 2007 gansakuka ta ɓata ruwan famfon birnin Wuxi. A 2014 kuma aka hana mutanen Toledo ta Amurka, kimanin 400,000, shan nasu har kwana uku. Abin tsoro, tafasawa ba ta kashe dafin.

Saboda haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibai rarrabe gansakukan nan biyu, da nisantar da dabbobi daga koren ruwa, da barin ciyawa tsakanin gona da bakin tafki don ta tare malale. Ana yi wa kainuwa kirari da dashen Allah. Ita wannan kuwa yawanci da hannun mutum a cikin dashenta.