Zafin Ƙahon Zuciya: Tumbi Ne Ko Zuciya?

Tumbi da zuciya maƙwabta ne. Wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce kawai, wadda muke numfashi da ita, ta raba tsakaninsu. Shi ya sa idan mutum ya dafe ƙahon zuciyarsa ya ce wa likita nan ke masa zafi, bai gama bayani ba. Mu kuwa ba kasafai muke jira a tantance ba. Da an ji zafi sai a ce olsa ce, a wuce kemis a sayo farin ruwan magani. Wannan gaggawar tana cin rayuka.

Olsa, wato gyambon ciki, rauni ne a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. An daɗe ana ɗora laifinsa a kan yunwa da yaji da damuwa. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori tana rayuwa a cikin tumbi, kuma ita ce tushen mafi yawan gyambon. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, tumbinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki. An ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ƙwayar ta hanyar gwajin bahaya ko na numfashi, a kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Abin takaici ne a ga mutum ya shekara goma yana ƙaurace wa tsami da barkono alhali ba a taɓa yi masa wannan gwajin ba. Sababi na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda masu aikin ƙarfi ke afawa kullum, sau da yawa ma ciki babu komai. Ƙwannafi kuwa daban yake: ruwan tsamin tumbi ne ke haurowa maƙoshi saboda bakin tumbin ya saki.

Idan likita ya ce za a yi endoskofi, yana nufin za a zura siririn bututu mai kyamara ta baki, a leƙa maƙoshi da tumbi ido da ido. Ana yin sa ne bayan an ɗauki awa 6 zuwa 8 ba a ci komai ba. Wani lokaci a kan tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji, shi ne bayofsi, kuma yin sa ba ya nufin an yanke hukuncin ciwon daji. Kolonoskofi irinsa ne, sai dai ta dubura ake bi a duba babban hanji. Ba kowane jini a bayan gida ba ne basir. Bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta kuwa, mai warin gaske, alama ce ta jini na zuba daga sama, kuma maganar asibiti ce a ranar.

A ɓangaren zuciya, uwar matsaloli ita ce hawan jini. A awon jini, lamba ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Idan awo ya riƙa kai 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban, hawan jini ya tabbata, ko da mutum garau yake jin kansa. Ita kanta zuciyar tana da jijiyoyin da ke ciyar da ita. Idan kitse ya ƙuntata su, sai a ji nauyi a ƙirji yayin tafiya ko hawan bene, ya lafa in an huta. Idan gudan jini ya toshe ɗaya gaba ɗaya, wani sashe na tsokar ya fara mutuwa, shi ne bugun zuciya. Nauyin kan bi hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi, ga tashin zuciya. Masu ciwon suga da tsofaffi da mata kuwa, wani lokaci abin da kawai za su ji shi ne wani abu mai kama da ƙwannafi.

A nan ne gwajin ECG ke da rana. Wayoyi ake mannawa a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana yadda lantarkin zuciya ke gudana, cikin mintuna kaɗan, ba allura ba zafi. Willem Einthoven ɗan ƙasar Holan ne ya kafa tushensa, ya samu Nobel a 1924. Gwajin jini na tiroponin yana nuna ko tsokar ta ji rauni. Eko hoton zuciya ne da irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita. Anjiyogiram kuwa yana nuna daidai inda jijiya ta toshe, har a iya buɗe ta a sa ɗan bututun raga ya tokare.

Gazawar zuciya ba tsayawarta ba ce. Ƙarfin tura jini ne ya ragu, sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara in an kwanta. Akwai nau'in da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, ciki har da Eldryd Parry, sun ga yawansa a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta da yawan shan kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura tana haki, a kai ta a yi mata eko, kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Kai kuma mai karatu, duk ranar da zafin ƙahon zuciya ya zo maka da gumi ko sarƙewar numfashi, ko ya bi hannu, kada ka tsaya a kemis. Ka nufi asibiti a lokacin, ka ce a yi maka ECG.